Auna jinkiri da cyclictest a cikin kwantena: lambobin abin dogaro ne?

Ɗan Koyo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. Muna rubuta manhajar da za ta sarrafa injin lantarki, kuma dole ta farka duk milisakan 1 ta karanta gudun injin, ta aika masa umarni. Kafin mu amince da kwamfutar da za ta ɗauki aikin, ana so a auna jinkirinta da cyclictest, manhajar da ke auna yawan lattin da ake yi kafin a tayar da aiki a lokacin da ya nema. Don kada in cika na'urar da tarkacen kayan harhaɗawa, sai na gina rt-tests, tarin kayan gwajin da cyclictest ke ciki, a cikin kwantenar Docker (keɓaɓɓen wurin gudanar da manhaja) mai tushen Debian. Na sa build-essential da libnuma-dev, na buga make, ya ginu lafiya lau.

Wajen kunnawa ne matsala ta taso. Ina matsayin root a cikin kwantenar, amma cyclictest ya ce ba zai iya sauya tsarin fifikonsa ba, ya fita. Da na ƙara --privileged ya tashi, sai dai lambar Max, wato jinkiri mafi girma da aka gani, ba ta tsayawa wuri ɗaya, wani lokaci ƙarama, wani lokaci ta haura milisakan. Tambayata biyu ce. Kwantenar ce ke jawo jinkirin? Kuma ya halatta in kai wa abokan aikina waɗannan lambobin a matsayin sakamako?

Tsohon Hannu

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a je ko'ina, buga uname -v a cikin kwantenar, ka sake bugawa a wajenta. Amsa ɗaya za ka gani, domin kwantena ba ta da kanel nata, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'ura. Kamar ɗaki ne a gidan haya: ƙofarka daban, makullinka daban, amma rufi ɗaya ne, idan yana yoyo kowa zai jiƙe. Debian ɗin da ke ciki fayiloli ne kawai da laburare. Mai rabon lokacin furosesa, da agogon da ke tayar da zarenka (thread, wato layin aiki guda a cikin manhaja), duk na uwar na'ura ne.

To, ka ga PREEMPT_RT, facin da ke sa kanel ya ba aikin gaggawa hanya nan take, a amsar ko ba ka gani ba? In babu, tsalle-tsallen Max ba abin mamaki ba ne, kuma ba laifin Docker ba ne. Tun kusan 2005 su Ingo Molnar da Thomas Gleixner da Steven Rostedt ke rainon wannan faci a wajen babban kanel, sai a Linux 6.12 da ya fito a Nuwamban 2024 aka shigar da shi ciki don x86 da arm64 da RISC-V. Ko a 6.12 ɗin ma sai wanda ya harhaɗa kanel ya kunna shi. A Debian akwai linux-image-rt-amd64, shi za ka sa a kan uwar na'urar, ba a cikin kwantena ba.

Ɗan Koyo

Na duba Yaya. PREEMPT_RT yana nan, da kanel ɗin rt na Debian na'urar ta tashi. Kwamfuta ce ta zahiri mai cibiyar furosesa (core) huɗu, ba ta kwaikwayo ba.

'Yar Lantarki

Madalla, an rage rabin ciwon kai. Da a ce Docker Desktop ne a kan Windows ko Mac, da na ce ka rufe kawai, domin can kwantenar na zaune ne a cikin kwamfutar kwaikwayo, abin da za ka auna ba shi da alaƙa da na'urar da za ta yi aikin.

Amma Malam, ka cire --privileged ɗin nan. Ba wai don tsaro kaɗai ba. Matsalarsa ita ce yana ba ka komai a dunƙule, sai ka kasa sanin ainihin abin da manhajarka ke buƙata. Ranar da za a ɗora manhajar a inda aka hana shi, sai a wayi gari ba ta aiki, a rasa dalili. Abubuwa uku cyclictest ke nema, kuma su ne manhajarka ma za ta nema.

Na farko izinin shiga SCHED_FIFO, tsarin da ke ba zare fifiko a kan ayyukan talakawa. Root na cikin kwantena ba cikakken root ba ne, Docker na ƙwace masa wasu iko, ciki har da CAP_SYS_NICE. Shi ya sa ya ƙi tashi. Ka ba shi --cap-add=SYS_NICE, ko --ulimit rtprio=95.

Na biyu kulle memori. Tutar -m tana kiran mlockall don kada kanel ya tsaya neman shafin memori ana tsakiyar aiki. Wannan na buƙatar --cap-add=IPC_LOCK ko --ulimit memlock=-1.

Na ukun shi ne wanda mutane suka fi mantawa. Da cyclictest ya tashi, yakan buɗe /dev/cpu_dma_latency ya rubuta sifili, ya riƙe fayil ɗin a buɗe. Muddin yana buɗe, furosesa ba zai shiga barci mai nauyi ba. A cikin kwantena wannan fayil ba ya nan sai ka shigar da shi da --device /dev/cpu_dma_latency. In babu shi, gargaɗi kawai zai yi ya ci gaba, kai kuma ka samu lambobi masu muni, alhali lokacin farkawar cibiya daga barci kake aunawa. Ka lura da wani abu kuma: cyclictest na yin wannan da kansa, manhajarka ba za ta yi ba sai kun rubuta mata. In ba haka ba gwaji zai yi kyau, aiki ya ƙi.

Mai Saba

Malama ta yi bayani, amma akwai ramin da ba ta ambata ba. Ka duba ko an kunna CONFIG_RT_GROUP_SCHED a kanel ɗinka:

grep RT_GROUP_SCHED /boot/config-$(uname -r)

In an kunna shi kuma kana kan cgroup v1 (cgroup shi ne tsarin da kanel ke raba ayyuka rukuni-rukuni yana sa musu iyaka), kowane rukuni na da kason lokacin da aka yarje wa zaruruwansa masu fifiko, kuma sabon rukuni da sifili yake farawa. Ko --privileged ba zai fisshe ka ba. Sai ka ba dockerd kaso da --cpu-rt-runtime, sannan ka ba kwantenar nata. A cgroup v2 kuwa wannan rabon babu shi, tutocin ma ba sa aiki. Tunda naka ya tashi da --privileged, alama ce ba ka faɗa wannan ramin ba, amma na'ura ta gaba da za a kawo maka tana iya zuwa da kanel na daban.

Masu amfani da Podman ba tare da root ba su ma su sani: SYS_NICE da aka ba ka a cikin keɓaɓɓen sararin mai amfani ba ya ƙetarewa zuwa wajen kanel. Dole a ɗaga wa mai amfanin iyakar rtprio a kan uwar na'ura, a /etc/security/limits.conf ko ta systemd.

Makaniken Linux

Ni dai ban ga dalilin wannan wahala ba. rt-tests ƙaramin abu ne, laburarensa ɗaya ko biyu. Sa shi a kan na'ura kai tsaye, ka auna, ka huta. Duk abin da ka ƙara tsakaninka da ƙarfe, ka ƙara abin zargi ne in lamba ta lalace. Gina shi a kwantena na yarda, har ina yi. Auna a ciki ne ban yarda ba.

'Yar Lantarki

A nan na saɓa maka Yallaɓai. In manhajar a kwantena za ta yi aiki, to a kwantena ya kamata a auna, da tutoci iri ɗaya, da iyakoki iri ɗaya. Aunawa a waje na gaya maka iyawar na'ura. Aunawa a ciki na gaya maka abin da manhaja za ta samu bayan an ɗaure ta da dokokin da aka ɗaure ta da su. Duka biyun ake yi, a jera su. In sun yi kusa da juna, an san kwantena ba ta da laifi. In sun yi hannun riga, an san inda za a tona.

Kuma a duba yadda cyclictest ke aiki. Zare ne ke kiran clock_nanosleep ya ce a tashe shi a lokaci kaza, in ya farka ya duba agogo, ya rubuta bambancin. Hanyar ita ce agogon furosesa ya buga, kanel ya karɓa, mai rabon lokaci ya ɗora zaren. A wannan hanyar babu dockerd, babu containerd, babu overlayfs. Abin da ya rage na kwantena shi ne matatar seccomp da ke duba kowane kiran kanel, da lissafin cgroup, su kuma nauyinsu kaɗan ne kuma ba ya tsalle. Jinkirin da ke haura milisakan ba daga nan yake fitowa ba.

Makaniken Linux

A kan cyclictest na yarda. Amma manhajar gaske tana magana da waje. In tana aika saƙo ta katin sadarwa, kuma aka bar ta a kan gadar Docker, kowane ƙunshi sai ya bi ta veth da gada da dokokin NAT kafin ya fita. Wannan kuwa kwantena ce ta kawo shi.

'Yar Lantarki

Gaskiya ne, shi ya sa irin wannan aikin ake ba shi --network host ko a miƙa masa katin kai tsaye. Kuma hujjata ce ka ƙarfafa, domin da a waje kaɗai aka auna, ba za a taɓa ganin wannan ba.

Tsohon Hannu

Ku bar ni in dawo da mu kan Max ɗin yaron nan, domin har yanzu ba mu taɓa abin da nake zargi ba. Ƙanena, a kan wace cibiya gwajin ke gudu, kuma wa ke zaune a kanta tare da shi?

Mutane da yawa suna ɗauka --cpuset-cpus=2,3 na nufin sun mallaki cibiya ta 2 da ta 3. A'a. Ya tsare kwantenarka ne a kansu, bai kori kowa daga kansu ba. Sauran ayyukan uwar na'ura, da zaruruwan kanel, da katsewar da kayan aiki ke aikowa, duk suna nan suna shiga. Korarsu aikin uwar na'ura ne tun daga layin tayar da kanel: isolcpus=2,3 don mai rabon lokaci ya daina jefa ayyuka can, nohz_full=2,3 don rage bugun agogo, rcu_nocbs=2,3 don kwashe sharar RCU zuwa wani wuri, da irqaffinity=0,1 don katsewa ta koma kan sauran biyun. In irqbalance na gudu, a gaya masa ya bar waɗannan cibiyoyi, in ba haka ba zai iya mayar da abin da ka kora.

Akwai kuma tarko a cikin isolcpus. Tunda an cire cibiyoyin daga rabon nauyi, in ka ba kwantena biyu daga cikinsu ba ka ɗaure kowane zare a tasa ba, kana iya tarar da su duka sun cunkushe a kan guda, ɗayar na zaune ba aiki. Saboda haka faɗa wa cyclictest ƙarara: -a 2,3 -t 2. Zai fi kyau ka ƙara wa kwantenar wata cibiya wadda ba a keɓe ba, ka tura babban zaren can da --mainaffinity, don mai buga sakamako a allo kada ya dami masu aunawa.

Bayan ya tashi kada ka yarda da bakinsa. Fita waje ka buga:

ps -eLo tid,cls,rtprio,psr,comm | grep cyclictest

Ka ga FF, wato FIFO, a ƙarƙashin cls, ka ga lambar fifikon da ka nema, ka ga 2 da 3 a ƙarƙashin psr. Gani ya kori ji.

Ɗan Koyo

Allah ya saka da alheri. Ban keɓe ko cibiya ɗaya ba, zan gyara layin kanel. Fifikon fa? Da -p 99 nake gudu, tunda shi ne mafi girma.

Tsohon Hannu

Sauko da shi. SCHED_FIFO daga 1 zuwa 99 yake, amma saman nan a bar wa kanel, akwai ayyukansa da bai kamata ka yi kafaɗa da su ba. A PREEMPT_RT masu karɓar katsewa zaruruwa ne, kuma a 50 suke zama in ba a taɓa su ba. Wannan lambar ce ma'auni. In ka hau sama da 50, kana gaban su. In manhajarka na jiran bayani daga wata na'ura, to zaren katsewar wannan na'urar bai kamata ya makale a bayanka ba, sai a ɗaga shi da chrt. Ka auna da fifikon da manhajar za ta yi aiki da shi, 80 ko 90 duk ana yi.

Mai Saba

Ƙari kan wannan: kanel na da birki ga zaruruwa masu fifiko. A /proc/sys/kernel za ka ga sched_rt_period_us 1000000 da sched_rt_runtime_us 950000, wato a kowane sakan ana ware milisakan 50 don sauran ayyuka su numfasa. cyclictest ba ya cin karo da shi domin yawanci barci yake. Manhajar da ke juyawa ba hutu tana jiran bayani ita za ta sha shi, kuma milisakan 50 a aikin da ke son milisakan 1 ai ɓarna ce. Wannan saitin na na'ura ne gaba ɗaya, ba a sauya shi don kwantena guda. Irin wannan manhajar da oslat ake gwada ta, yana cikin rt-tests ɗin da ka gina.

Sannan a guji --cpus. Shi kaso yake yankawa a kowane milisakan 100, in ya ƙare a dakatar da zaruruwan talakawa na kwantenar har zagaye na gaba. Bai shafi zaren FIFO kai tsaye ba, amma in zaren FIFO na jiran wani abu daga wanda aka dakatar, shi ma ya tsaya.

Yanzu ni ma ina da tawa tambayar ga manya. Burina shi ne duk lokacin da aka tura sabon gyara, na'urar gwaji ta gina kwantenar, ta gudanar da cyclictest na 'yan mintoci, in Max ya wuce iyaka ta ƙi karɓar gyaran. Injinan gwajinmu na haya ne a gajimare. Me zai hana?

'Yar Lantarki

Abin da zai hana shi ne injin hayar. Kwamfutar kwaikwayo ce, na'urar da ke ƙarƙashinta ba taka ba ce, kuma akwai maƙwabtan da ba ka gani suna rabon furosesa ɗaya da kai. Wanda ke ƙarƙashinta na iya ɗauke cibiyar ya ba wani na ɗan lokaci, kanel ɗinka bai ma sani ba. Gwajin zai riƙa faɗuwa yau ya wuce gobe ba tare da an taɓa komai ba, har mutane su saba da danna a sake. Daga ranar da aka saba da haka, ko jinkirin gaske ya shigo ba mai kula shi.

Raba aikin gida biyu. Ginawa da gwajin ko manhaja na yin abin da aka ce ta yi, a yi su a gajimare, nan kwantena ta fi kowa amfani: harhaɗawa a mataki na farko, a kwashe abin da aka gina zuwa ƙaramar kwantena a mataki na biyu, a ɗaure sigar rt-tests da sigar tushe don abin da aka gina bana ya zama shi ne na baɗi. Har na arm64 kana iya ginawa a kan x86 ta buildx da QEMU. Amma awon lokaci, a ajiye masa na'ura ta zahiri irin wadda za ta je fagen aiki, ba mai taɓa ta, ita za ta jawo kwantenar ta gudanar.

Makaniken Linux

Tunda an zo kan ƙaramar kwantena, a yi hattara da Alpine. Tana amfani da musl a madadin glibc, kuma a musl kiran sched_setscheduler ba ya yin komai sai mayar da ENOSYS, da gangan suka bar shi haka. pthread_setschedparam ne ke aiki. Manhajar da ba ta duba amsar kiran ba za ta ci gaba da gudu a matsayin talaka, mai ita na zaton tana da fifiko. Ku gina da laburaren da za ku yi aiki da shi.

Mai Saba

Na karɓi batun na'ura ta musamman. Amma 'yan mintocin fa? Ba za mu iya jiran sa'o'i a kan kowane gyara ba.

Tsohon Hannu

Gajeren gwaji na kama babbar ɓarna, kamar a ce an manta wata tuta ko fifiko bai kama ba. Yana da amfani, a bar shi. Amma ba ya ba ka Max. Abin da muke farauta abu ne da ke faruwa jefi-jefi, sai abubuwa biyu ko uku sun haɗu a lokaci guda. Ƙungiyar OSADL ta Jamus, wadda ke da ɗakin gwajin na'urori masu irin wannan kanel, tana gudanar da zagaye miliyan 100 da tazarar mikirosakan 200, wato sama da sa'o'i biyar da rabi, sannan ta zana jadawalin yadda sakamakon ya rarrabu. Ku sa dogon ya riƙa gudu da dare. Ku yi amfani da -h don ku ga wutsiyar jadawalin, ku daina kallon Avg, wato matsakaicin jinkiri, ba ya gaya muku komai game da ranar da injin zai ƙwace.

Kuma na'urar da ke zaune shiru ba a auna ta. A ɗora mata kaya: hackbench, stress-ng a kan memori da faifai da sadarwa, ko rteval wanda ke harhaɗa kanel yana gudanar da hackbench a lokaci guda. Ga masu kwantena akwai kaya na musamman da nake so a riƙa ƙarawa, wato a yi ta tayar da wasu kwantenoni ana kashe su ana cikin awo. Kowace tashi sai kanel ya ƙirƙiri cgroup, ya ɗaura fayiloli, ya haɗa hanyar sadarwa, kuma wasu daga cikin waɗannan ayyuka na taɓa dukkan cibiyoyi. A fagen aiki hakan zai faru duk ranar da aka sabunta wata manhaja a gefen taku. Keɓe cibiya kuma bai raba ku da maƙwabta a babban kash na furosesa da hanyar memori ba.

Ɗan Koyo

Na dawo da rahoto. Na sa isolcpus da sauran, na cire --privileged na sa tutoci ukun da Malama ta faɗa, na tabbatar da FF ta ps. Na gudanar a ciki da waje da kaya iri ɗaya, jadawalan biyu kusan a kan juna suka kwanta. Sai dai akwai tsalle guda da ke fitowa nan da can a duka biyun, ya yi nesa da sauran sosai. Kaya ko babu kaya yana zuwa.

'Yar Lantarki

Tunda yana zuwa a ciki da waje, kuma bai damu da kaya ba, ka fara zargin abin da ke ƙarƙashin kanel. Akwai katsewar da ake kira SMI, wadda famwayar allon kwamfuta ke amfani da ita don lura da zafi, ko kwaikwayon tsofaffin na'urorin USB, da makamantansu. In ta zo, furosesa na barin Linux gaba ɗaya ya tafi ya yi wa BIOS aiki, ya dawo, kanel bai san an yi ba. Babu saitin kanel ko na Docker da ke hana ta.

Gudanar da hwlatdetect a kan uwar na'ura, ba kaya. Shi yana riƙe cibiya ne yana karanta agogo ba ƙaƙƙautawa, in ya ga giɓi to wani ne ya sace lokacin. In furosesan Intel ne, cyclictest na da --smi da ke karanta ma'ƙirgin SMI, amma yana buƙatar /dev/cpu/*/msr, don haka wannan a waje ya fi sauƙi. In ta tabbata ita ce, gyaran na cikin saitin BIOS, wani lokaci kuma sai an nemi wanda ya ƙera allon. Kada ka kashe abin da ya shafi lura da zafi ba tare da ka san abin da kake yi ba.

In kuma hwlatdetect bai ga komai ba, to cikin kanel ne. Nan sai rtla timerlat, wanda Daniel Bristot de Oliveira ya rubuta, yana cikin bishiyar kanel tun 5.17. Ba shi iyaka da -a, in jinkiri ya wuce ta zai tsaya ya nuna maka nawa ya tafi kafin katsewar agogo ta iso, nawa ya tafi kafin zare ya hau, da wanda ya tare hanya. Yana buƙatar /sys/kernel/tracing, shi ma a waje za ka yi shi.

Tsohon Hannu

Kan tambayarka ta biyu a saƙonka na farko, ƙanena: lambobin za su kai ga abokan aikinka, amma ba su kaɗai ba. A haɗa da uname -a, da abin da ke cikin /proc/cmdline, da sigar BIOS, da cikakken umarnin docker run, da na cyclictest, da irin kayan da aka ɗora da tsawon lokacin. Kwantena na adana abin da ke cikinta ne kawai, waɗannan kuwa duk a waje suke, kuma su ke yanke lambar. Ka sa rubutun da ke tayar da gwajin ya riƙa kwashe su da kansa yana ajiyewa tare da sakamakon.

Sannan ka gaya musu cyclictest farkawa kawai ya auna. Lokacin karanta gudun injin, da lissafi, da fitar umarni, ba ya ciki. Wannan sai manhajarku ta riƙa ɗaga wata ƙafar GPIO (ƙafar allon da manhaja ke iya kunnawa da kashewa) a farkon zagaye tana sauke ta a ƙarshe, ku sa osiloskop ku kalla.

Ɗan Koyo

Na gode ƙwarai. hwlatdetect yana gudu yanzu. Allon namu ba shi da GPIO a fili, akwai dai tashar siriyal. Za ta iya maye gurbi?

Makaniken Linux

In ta kan allo ce ta asali, za ta yi. Ka riƙa ɗaga layin RTS ko DTR da ioctl, ka shigar da ita kwantenar da --device /dev/ttyS0. Ka fara auna tsawon lokacin da kiran kansa ke ci don ka cire shi daga lissafi. In ta USB ce kada ka fara, jinkirin USB ɗin zai rufe abin da kake nema.